Garin Daɗi Ba Lallai Yana Nesa Ba: Ina Ya Kamata Malami Ya Kafa Gida?

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu, tsohon shugaban makarantar firamare, ya gabatar a taron reshe na Ranar Malamai ta Duniya. Mun buga shi ne saboda 'yan uwan da ba su samu halarta ba, da kuma iyalanmu na gida.



Shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu ta NUT daga ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, iyayenmu da suka riga mu ajiye alli, malamai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma gode wa waɗanda suka ga dacewar a ba ni wannan dama.

Da aka bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, sai na ɗauko wata tambaya da muke yawan tattaunawa a gindin darbejiya idan yara sun fita tara, amma ban taɓa ganin an sa ta a jerin abubuwan da za a tattauna a taro ba. Tambayar ita ce, ina ya kamata malami ya zauna da iyalinsa? Wane gari ne albashinsa zai iya ɗauka, ya kwanta a cikinsa hankali kwance, ya kuma ji daɗin rayuwa?

Mutum uku nake hange a cikin wannan ɗaki. Na farko matashi ne da ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Gumel, aka tura shi wani ƙauye, yana ta shawara ko ya tare a can ko ya riƙa zuwa kullum daga gari. Na biyu magidanci ne mai 'ya'ya biyar ko shida, wanda zuciyarsa ke raya masa cewa da zai samu canji zuwa Dutse, ko ya bar aikin ya koma Kano, da ya huta. Na uku kuwa shi ne wanda furfura ta kama, saura masa shekara uku ko huɗu ya ajiye aiki, har yanzu yana gidan haya. Duk na taka waɗannan matakai, don haka abin da zan faɗa na gani ne da idona.

Bari mu fara leƙa yadda duniya take auna gari. Kowace shekara sashen bincike na kamfanin mujallar The Economist ta Ingila yakan fitar da jerin birane 173, ya jera su daga wanda ya fi daɗin zama zuwa wanda ya fi wahala. Abubuwa biyar ake dubawa: zaman lafiya, kiwon lafiya, ilimi, al'adu da muhalli, sai kayan more rayuwa irin su hanya da ruwa da wuta. Birnin Viyana na ƙasar Ostiriya shi ya zo na ɗaya a 2022 da 2023 da 2024, sannan Kopenhagen na ƙasar Denmak ya karɓe a 2025. Legas kuwa, wadda samarinmu ke mafarkin zuwa, ta daɗe tana cikin goman ƙarshe. Darasin da na ɗauka a nan guda biyu ne. Na ɗaya, girman gari da yawan kuɗin da ke yawo a cikinsa ba su suke sa shi daɗin zama ba. Na biyu, abin da ya ɗaga Viyana har da wani tsari da aka faro tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda hukumar birnin da ƙungiyoyin gama kai suka yi ta gina gidajen haya masu rahusa, har ya zama kimanin rabin mutanen birnin a irin waɗannan gidaje suke zaune. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sai dai ma'aunin Turawa ba zai gaya wa malamin firamare ko ya kama ɗaki a Gumel ko ya tare a Sule Tankarkar ba. Dole mu yi namu awon, da namu mudun. Zan ɗauki abubuwa uku ɗaya bayan ɗaya: araha, aminci, da daɗin zama.

Na fara da araha, domin nan ne muka fi yaudarar kanmu. Idan aka tambayi malami ko garin da yake zaune yana da araha, kuɗin haya kawai yake faɗa. Alhali haya layi ɗaya ce a cikin lissafin. Mu da muke koya wa yara tarawa da ɗebewa, bari mu yi wa kanmu aikin aji. Mu ɗauka malami yana zaune a gari, makarantarsa tana da nisan kilomita 20. Zuwa da dawowa kilomita 40 ke nan a rana. A wata yana zuwa aiki kwana 20, ya zama kilomita 800. Mu ce babur ɗinsa lafiyayye ne, lita ɗaya tana kai shi kilomita 40, to a wata zai sha lita 20. Kowa ya ninka wannan da farashin lita a yau. Sai a ɗora baƙin mai da faci da taya da kuɗin makaniki, domin rairayin yankinmu ba ya raga wa babur. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka cire tallafin man fetur, ana iya kau da kai daga wannan lissafi. Yanzu ba zai yiwu ba. Gaskiya ne dokar 2024 ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000, amma kowa a nan ya san abin da kwanon gero da buhun siminti suka zama a tsakanin waɗannan shekaru.

Bayan mai, a rubuta ruwa: jarka nawa ɗan garuwa yake kawowa a rana, kuma nawa? A rubuta itace ko gawayi ko gas. A rubuta kuɗin a-daidaita-sahu na yara idan makarantarsu da Islamiyyarsu ba sa zuwa da ƙafa. A rubuta abincin da malami ke saye a hanya saboda ya yi nisa da tukunyar gidansa. Idan an gama, sai a ɗebe abin da garin yake mayar wa mutum. Malamin da yake zaune inda zai iya noma kadada ɗaya ta gero da wake, ya ɗan taɓa riɗi, uwargida ta ɗaure tumaki biyu ko uku, wannan yana da albashi na biyu a rumbu. Masana harkar gidaje a ƙasashen waje sukan ce kada kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Ni shawarata a haɗa haya da sufuri wuri ɗaya a auna su da wannan mudu. Idan sun cinye fiye da sulusin albashi, to garin ya fi ƙarfinka, ko da sunansa yana da daɗin faɗa.

Ga wanda ke hangen Dutse ko Kano, ina tuna masa cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse take cika da ma'aikata, da aka buɗe Jami'ar Tarayya a 2011 kuma ɗalibai da malamanta suka ƙaru a kan masu neman muhalli. Albashin malami bai san ya shiga babban birni ba, yadda yake a Gagarawa haka yake a Dutse, amma mai gidan haya ya sani. A birni komai saye ake yi, har ƙasar da za a yi yaɓe da ita.

To, a cikin garuruwanmu huɗu na wannan masarauta fa? Kowanne yana da abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa. Gumel, Lautai, ita ce fadar masarauta. Akwai babban asibiti, akwai kwaleji, akwai makarantun sakandare da bankuna, ga mota zuwa Kano da Haɗeja a kowane lokaci. Farashin wannan shi ne haya da fili sun fi tsada, musamman unguwannin da ɗalibai ke neman ɗakuna. Maigatari tana da kasuwar Alhamis, wadda dabbobinta ke zuwa daga Nijar su wuce har kudancin ƙasar nan, ga cinikin riɗi da zoɓo. Malamin da ke da ɗan jari, ko matarsa ke sana'a, zai samu abin yi. Amma arzikin bakin iyaka yana da sharaɗi. Mun ga abin da ya faru da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe ta Maigatari. Mun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Wanda ya jingina cefanen gidansa gaba ɗaya da kasuwar iyaka ya ji a jikinsa. Gagarawa tana kan tsohon layin dogo na Kano zuwa Nguru, ƙasa ce ta noma, Sule Tankarkar ma haka, fili da gona sun fi sauƙin samu a cikinsu, rayuwa ba ta da yawan kashe-kashe. Abin da za a auna a can shi ne nisan asibiti idan dare ya yi, da makarantar gaba da firamare ta yara, musamman 'ya'ya mata. Ba zan ce wannan gari ya fi wancan ba. Abin da ya dace da saurayi mai shekara 25 daban yake da abin da ya dace da mai ciwon suga da ke ganin likita kowane wata.

Na biyu shi ne aminci. Mu gode wa Allah, idan muka dubi halin da 'yan uwanmu malamai suke ciki a wasu sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda aka rufe makarantu aka bar garuruwa saboda 'yan bindiga, za mu san an yi mana ni'ima. Wanda ya kwana bai ji ƙarar bindiga ba, ya riga ya samu rabin abin da ake nema a gari, shi ya sa magabata suka ce zama lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma aminci ya wuce maganar ɓarawo da ɗan fashi.

Hanya ma tana kisa. Ba mu manta da gobarar tankar mai ta Majiya, a ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoban 2024 ba, wadda ta ci rayuka fiye da ɗari. Allah Ya jiƙansu. Gidan da ƙofarsa ke kallon babban titi yana da kyau ga shago, amma a tuna da yaro mai rarrafe da manyan motocin ranar kasuwa. Malamin da ke tafiyar kilomita 800 a wata a kan babur, cikin hazon hunturu da santsin damina, shi ma ya sani kullum yana saka ransa a hanya.

Ruwan sama ma abin dubawa ne. Mu ba ma bakin kogi kamar Haɗeja da Auyo da Ringim, waɗanda ambaliyar 2022 ta yi wa ɓarna, amma kowace damina muna jin gidan ƙasa ya rufta a unguwannin da ke kwari ko bakin kududdufi. Wani abokin aikina ya sayi fili da rani, wuri shimfiɗaɗɗe, da arahar da ta sa muka yi ta taya shi murna. Da watan Agusta ya zo, sai da ya naɗe wando kafin ya kai ga harsashinsa. Araha ba ta ado. Duk wanda zai sayi fili ko ya kama haya, ya je ya ga wurin bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ya kuma tambayi tsofaffin unguwar inda ruwa yake bi. Da bazara kuma a dubi iska. Yankinmu yana cikin ƙasashen da sanƙarau ke ziyarta lokacin zafi, ɗaki ɗaya mai ƙaramar taga da mutum takwas a ciki ba wurin kwana ba ne, komai arahar sa.

Ina so in yi magana ta musamman a kan 'yan uwanmu malamai mata. Malama takan tashi ta yi abin kari, ta shirya yara, sannan ta fita neman abin hawa, wani lokaci da goyo, wani lokaci da juna biyu. Idan maigida zai zaɓi unguwa, ya sa makarantar da take koyarwa cikin lissafi, ya sa asibitin haihuwa mafi kusa, ya kuma zauna da ita su yi shawara. Gidan da aka zaɓa don sauƙin mutum ɗaya, sauran mutanen gidan ne suke biyan kuɗinsa da jikinsu.

Na uku, daɗin zama. Wannan ba a rubuta shi da alƙalami, amma kowa ya san shi. Inuwa ce a ƙofar gida, da masallaci kusa, da ruwan da ba sai an yi faɗa a layi ba, da maƙwabcin da zai ɗauki yaronka zuwa asibiti ba ka nan. Lokacin da aka fara tura ni wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, na yi wata uku ina zuwa daga gari, ina isa a gajiye, wani lokaci har an gama darasin farko. Ranar da na haƙura na tare, bulama ya ba ni ɗaki a gidan ƙanensa, aka nuna mini gonar da zan noma. Kafin shekara ta zagayo, ni ake kira rubuta wasiƙa, ni ake kira rabon gado idan lissafi ya rikice, ba a ɗaurin aure ko suna ba ni. Yaran da iyayensu ke hana su zuwa makaranta suka fara zuwa, saboda yanzu uban yaro yana haɗuwa da ni a sahun sallar asuba. A gari ni ɗaya ne cikin ɗaruruwan masu albashi. A can kuwa ni ne Malam. Har yau ban samu abin da zan saya da kuɗi ya kai wannan ba.

A nan ne maganar ta taɓa amanar da ke wuyanmu. Idan kowane malami ya zaɓi zama nesa da makarantarsa, wa yake biyan bambancin? Yaron aji uku ne, wanda darasinsa na ƙarfe takwas ya koma na ƙarfe tara da rabi, ranar da aka yi ruwa ko babur ya lalace kuma babu darasin gaba ɗaya. Ba ina zargin kowa ba ne, na san akwai ƙauyukan da ko ɗakin haya babu, akwai kuma masu lalurar da ta tilasta musu zama kusa da asibiti. Amma wanda yake da zaɓi, ya sani kusantar makaranta sauƙi ne ga aljihunsa, kuma sauke nauyi ne a gaban Allah.

Yanzu ga ɗan uwana na uku, mai shirin ajiye aiki, da kuma matasa da suke ganin ranar tana da nisa. Dokar tarayya ta 2022 ta tsawaita wa malamai aiki zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki, amma kowace rana aka sa za ta zo. Babu abin da ya fi ciwo irin ka ga dattijon da ya koyar da rabin gari yana jan kayansa a kura saboda mai gida ya ƙara haya. Kada a jira kuɗin sallama kafin a fara gini, domin ranar da za su zo hannu, siminti ya riga ya yi gaba. Da sanyin safiya ake kama fara. A sayi fili tun ana matakin albashi na ƙasa, ko a bayan gari ne, gari zai iso shi. A buga bulo ɗari biyu bana, ɗari biyu baɗi. A shuka darbejiya ko mangwaro tun kafin a sa harsashi, a yankin da hamada ke matsowa bishiya ma wani ɓangare ce ta gini.

Kuma a kula da takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarsu bisa al'ada. Saboda haka musafaha da shaidu biyu ba su isa ba. A rubuta yarjejeniyar ciniki, mai unguwa ko bulama da dagaci su sa hannu, a tabbata filin ba na gado ba ne da ba a raba ba, ba burtali ba ne, ba makiyaya ba ce, ba kuma wurin da hukuma ta ware don makaranta ko hanya ba. Daga nan a bi sawun takardar shaidar mallaka a ofishin filaye. Wanda kuma ake cire masa kashi 2.5 cikin 100 na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ya nemi lambarsa, ya san abin da ya tara, domin haƙƙinsa ne ya nemi rancen gina gida ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, ko a mayar masa da kuɗinsa idan ya ajiye aiki.

Na ce zan dawo kan Viyana. Mutanen can ba su tarar da garinsu da daɗi ba, haɗa kai suka yi suka gina shi, shekara da shekaru. Ƙungiyarmu an kafa ta tun 1931, ta girmi Nijeriya mai 'yanci da shekara 29, bai kamata a ce aikinta ya tsaya ga maganar albashi kaɗai ba. Ina ba shugabanninmu shawara uku. A ƙarfafa asusun gama kai na reshe, a ware wani kaso don sayen babban fili a kowace ƙaramar hukuma, a yanka wa malamai su biya kaɗan-kaɗan, tare da lissafi a buɗe da kowa zai gani. A zauna da sakatarorin ilimi da kwamitocin kula da makarantu da iyayen ƙasa a kan gyara gidajen malamai da suka lalace a ƙauyuka, da gina ko ɗaki biyu-biyu ne inda babu. Sannan idan za a yi canjin wurin aiki, ƙungiya ta roƙi a riƙa duba inda malami yake zaune, musamman mata da masu lalura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yan uwa, mun saba jin ana cewa garin daɗi na nesa. Na yi shekara 35 ina aiki, na ga waɗanda suka bi wannan magana suka tafi, wasu sun dace, da yawa kuma sun dawo suna neman filin da suka raina, sun tarar ya ninka kuɗi. Roƙona shi ne, yau da daddare kowa ya ɗauki takarda da biro, ya kira uwargida, malama kuma ta zauna da maigida, a rubuta haya da mai da ruwa da nisan asibiti da nisan makaranta, a ga abin da ya rage. Abin da takardar ta nuna, a yi aiki da shi.

Allah Ya ba kowannenmu muhalli na kansa, Ya zaunar da masarautar Gumel da Jihar Jigawa da ƙasa baki ɗaya lafiya, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.